Fadila Tana Kan Keke

Idan sanyi ya shigo Matameye, abu biyu ne ke raguwa a gari: maza da wanka. Maza sun ɗaure kaya sun tafi cirani, wanka kuwa sai rana ta take tsaka, shi ma sai an zauna an yi shawara da zuciya.

Sa'adu, mijin Fadila, yana cikin masu fara tafiya. Da an gama zuba hatsi a rumbu sai ya wanke butocinsa ya nufi Kano, inda yake da teburin shayi a bakin wata tasha yau shekara ashirin da 'yan kai. Gida sai ya rage daga Fadila sai yayarsa Shekara, wadda ta dawo zama da su tun da mijinta ya rasu. 'Ya'ya duk sun tashi, matan suna ɗakunansu, namijin yana karatu a Damagaram.

A sanyin bana ƙeyar Fadila ta fara nauyi kamar an ɗora mata tulu. Ta sha jiƙo, ta shafa man zafi, ta tamke kai da ɗankwali har idanunta suka ja baya, duk a banza. Da ta ga abin ba na wasa ba ne, ta ɗauki karnenta na awo, wato ɗan littafin asibiti, ta tafi gidan likita.

Madam Zuhra ta tarar, manjon wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wadda suka yi koleji tare tun suna 'yan mata. Bayan sun gaisa sun tambayi yara, Madam ta naɗa mata abin awon hawan jini a dantse, ta matsa, ta duba, ta kwance, ta sake naɗawa. Fara'ar da ke fuskarta ta ragu.

"Fadila, tansiyonki sha takwas."

Fadila ba ta nemi ƙarin bayani ba. Kowa a Matameye ya san sha biyu lafiya ce, sha huɗu a yi hattara, sha takwas kuwa ta san inda yake kai mutum, don ta gani da idonta. Innarta Hawa tana da shekara hamsin, tana daka a tsakar gida a ƙauyensu Dawce, taɓarya ta suɓuce mata ta faɗi. Shekara huɗu ta yi kwance a tabarma, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, ba magana sai idanu. Fadila ce ke juya ta, ita ke ba ta kunu da cokali. Yanzu ga shi ita ma tana da arba'in da tara. Mutuwa ba ta cika damunta ba, kowa zai je. Tabarmar nan ce take tsoro, tsoro mai tsanani.

Madam ta rubuta mata ƙwayoyi, ta hana ta gishiri da dunƙule, sannan ta ce sai ta riƙa motsa jiki, ta riƙa doguwar tafiya kullum.

"Tafiya a garin nan?" in ji Fadila. "In na fita ba zan wuce ƙofa uku ba an ce in shigo in sha fura. Sai in dawo gida na fi yadda na fita nauyi. Da safe kuma sanyin nan ko akuya ba ta fita."

Madam ta ajiye biro ta dube ta. "Ke ba ke ce mai tsere da maza a keke daga Dawce ba?"

Dariya ta kama Fadila duk da halin da take ciki. Ita ce kuwa. Shekara huɗu tana zuwa koleji a keken babanta, kuma ba a yi namijin da ya taɓa shan gabanta ba. Innar ce ma ta koya mata, ita da ba ta taɓa hawa ba: ta ɗage zane ta riƙe sirdi tana gudu a baya tana cewa "Taka, taka, ina nan!" Amma tun ranar da aka kai Fadila ɗakinta ba ta ƙara ɗora ƙafa a feda ba.

"Zuhra, ki rufa mini asiri. Da jikoki uku zan hau keke a titi?"

"Wa ya ce titi? Ki samu keke ki kafa shi a ɗaki, tayar baya a sama. Ki taka rabin awa da safe, rabin awa da yamma, har gumi ya fito. Ba sanyi, ba 'yan kallo. Randebunki wata ɗaya, ranar ki dawo in sake auna ki."

Sayen keke a Matameye dai ba ya cikin lissafi. In ta taya shi da safe, kafin azahar labari ya kai Kance. Don haka bayan la'asar ta kira maigida. Tana jin ƙarar cokali a kofi da hayaniyar tasha ta cikin wayar.

"Maigida, na je likita. An ce tansiyona sha takwas."

"Hawan jini ke nan? Sha takwas kawai?" Ta ji ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi! Ni makon jiya wani mai kemis a nan ya auna ni, ɗari da talatin ya ce, kuma ya ce lafiyata lau. Ke da sha takwas ai ko hanya ba ki kama ba."

Lissafin bai zauna wa Fadila ba, amma ta rasa ta ina za ta kama shi. In mai ɗari da talatin yana tsaye yana haɗa shayi, me mai sha takwas za ta ce?

"Duk da haka Madam ta ce in riƙa taka keke safe da yamma, a cikin ɗaki. Shi ne na ce ko za ka aiko mini daga can, don kar a yi ta surutu."

"Keke? Kai, wannan mata ta san aikinta! Zaman banza shi ke kawo ciwo. An gama, Fadila, ki bar mini wannan."

Kiredin waya ya ƙare a daidai nan. Ta zauna riƙe da waya tana mamaki. Shekara talatin tana zaune da mutumin nan, ashe ba ta san wayewarsa ta kai haka ba. Ranar har miya ta fi daɗi, ko da yake babu gishiri.

Kwana tara bayan haka motar Kano ta iso, mai amalanke ya turo wani ƙaton kwali har ƙofar gida. Tun daga siffar kwalin gaban Fadila ya faɗi. Ta daɗe rabonta da keke, amma ba ta ji labarin an fara ƙera shi mai kusurwa huɗu ba. Maƙwabta mata suka shigo ganin saƙo, Shekara ta sa wuƙa ta yanke igiya, sai ga keken ɗinki baƙi wul, da zanen ruwan zinariya a wuyansa, da ƙafafun ƙarfe da faffaɗar feda.

Wata ta rangaɗa guɗa. Shekara ta daki ƙirji ta ce, "Ƙanena ke nan! Wasu sai dai su aiko da sabulu."

To, laifin wa za a gani? Hausa ce ta ɗauki abu biyu ta ba su suna ɗaya, kuma duka taka su ake yi. Mutum ya ji matarsa mai jikoki ta ce keke, ta ce a ɗaki, wane keke zai zo masa a rai? Da yamma ya kira, muryarsa cike da jin daɗi.

"Ya iso? Kantuna biyar na zaga. Na zaɓo miki mai taushin feda, don kar ƙafarki ta gaji."

Fadila ta dubi keken ɗinkin. "Ya iso, Maigida. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi." Ba za ta iya fasa masa wannan murnar ba.

Sai ta ce wa ranta, ai feda feda ce, bari a gwada. Safe da yamma ta zauna a gaban keken ɗinki tana takawa ba zare ba ƙyalle, ta lulluɓa da mayafi biyu, ba abin da ke motsi a jikinta sai idon sawu. Gumi kuwa ko ɗigo. Ga wata sabuwa: mata suka fara kawo ɗinki. Fadila da ko zira zare a allura sai ta ƙanƙance ido, ta karɓi rigar jikan maƙwabciya za ta gyara hannu, ta ɗinke bakin hannun ruf. Shekara tana gefe tana kallo, yatsunta na mata ƙaiƙayi, don ita tela ce a zamanin aurenta, kafin 'yarta ta tafi da kekenta ɗakin miji. "Ba haka ake riƙe ƙyalle ba," take ta cewa, "kai, Fadila, kamar mai jan akuya!"

Ranar randebu Madam ta auna ta ce sha bakwai, shi ma albarkacin ƙwayoyi.

"Kina taka keken kuwa?"

"Safe da yamma."

"Kina gumi?"

"Zuhra, wa ke gumi a kan keken ɗinki da sanyin nan?"

Madam ta dube ta, ta sake dubanta, sannan ta kifa kai a tebur tana dariya har masu jira a waje suka fara leƙowa. Da ta ɗago tana share hawaye ta ce, "Da belo kika ce masa, yadda muke kiran keken hawa, ai da ba a yi haka ba." Sai kuma ta kama hannun Fadila, dariyar ta ɗauke. "Na san Inna, na je gaishe ta tana kwance. Ba na so in zo gaishe ki haka. Keken hawa na ce. Na ƙara miki wata ɗaya."

Fadila ta dawo gida ta zauna a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba, hawaye na zuba. Haka Shekara ta same ta. Ba ta da sauran ƙarfin ɓoyewa, ta kwashe komai ta faɗa, tun daga sha takwas har zuwa kwalin Kano.

"La'ilaha illallahu!" Shekara ta riƙe haɓa. "Keken hawa? Matar ƙanena, ƙafa nan ƙafa can?"

"A ɗaki ne, Yaya."

"Ko a rijiya ne!"

Ta fita tana mita. Fadila tana jin ta a tsakar gida tana buga kwanuka, tana faɗa wa kaji abin da duniya ta zama. Jim kaɗan ta leƙo, fuskarta a ɗaure, ta ce, "Taso ki kama mini."

A ɗakin Shekara, can sama a jikin azara, akwai wani abu rataye da igiya an naɗe shi da tsofaffin buhuna. Keken marigayi Malam Isufu ne, mijinta. Shekara shida yana nan. Ɗanta na cikinta ya roƙa ta hana, mai gyaran keke ya taya ta kore shi. Suka hau turmi suka sauko da shi.

"A kansa yake zuwa biko in na yi yaji," in ji Shekara tana goge sirdin da gefen zanenta. "Sau bakwai ya ɗauko ni. Na ga Inna Hawa a tabarma, Fadila. Ba zan juya ki ba, bayana ba ya so. Ki hau."

Fadila ta fara yi mata godiya. Shekara kuwa ba ta tsaya jira ba, ta tafi ɗauko man gyaɗa.

Aikin yini guda suka yi. Hannun Fadila bai manta ba: ta wanke sarƙa da kananzir, ta ɗiga mata mai, ta ɗaure sirdi. Tayoyin sun sace tun tuni, amma ina ruwan tayar da ba za ta taɓa ƙasa ba da iska? Suka shigar da shi uwar ɗaka, suka ɗora shi a kan jak ɗinsa mai ƙafa biyu har tayar baya ta tashi, suka tokare ta gaba da bulo biyu da tsohon turmi. Da ta gwada ta ji fedar ba nauyi, sai ta sami tsinken roba ta ɗan ɗaure birkin baya, ya zama kamar mai hawan tudu. Saura sutura, don zane da sarƙa ba sa shiri. Ta buɗe akwatin maigida ta zaro wandonsa na gona, ta naɗe ƙugun sau biyu. Shekara ta kalle ta sama da ƙasa ta ce Allah ya sa mu cika da imani.

Sai matsala ta ƙarshe. Tsohon keken yana kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kuma katangar gidan ba ta riƙe sirri. Shekara ce ta samo dabara, kuma wanda ya ga yadda idonta ya yi haske ya san ta daɗe tana neman hanya. Ta jawo keken ɗinki zuwa rumfar ƙofar ɗakin, ta zauna ta gyara zama, ta zira zare a karo ɗaya. Da Fadila ta fara takawa a ciki, ita ma ta fara a waje, ƙarar wannan ta haɗiye ta wancan.

Ranar farko minti biyar Fadila ta yi ta sauko, cinyoyinta na rawa, tana haki tana zagin Zuhra da duk wanda ya ƙirƙiro keke. Rana ta uku ta yi goma. Kafin mako ya zagayo ta cika rabin awa, gumi na bin bayanta alhali a waje mutane na jin wuta. Kallon bango ya ishe ta, sai ta fara rufe ido tana bin hanya a ranta. Yau Dawce, gobe Kance, ranar da ta ji ƙarfi ta ce Dungu za ta.

"Ina kika kai?" Shekara za ta ɗaga murya daga rumfa.

"Na wuce gonakin rake, Yaya!"

"To ki sayo mini kara biyu, masu kauri."

"Babu wurin ɗaurawa!"

"Ƙarya kike, a nan nake zama da ƙullin kayana."

In ta iso gari sai ta kaɗa ƙararrawa don mutane su ba ta hanya. In an yi sallama daga zaure, Shekara sai ta ja amsa ta yi tsawo, ta tambayi gida da yara da sanyi da awaki ɗaya bayan ɗaya, har Fadila ta samu ta ɗaura zane a kan wando ta fito. "Ke kaɗai ke gumi a garin nan," in ji wata maƙwabciya. Fadila ta ce, "Keke ne." Ɗinki kuwa ya dawo yana fita tsaf, har ana yaba yadda hannunta ya faɗa da wuri. In Sa'adu ya kira wayarta ba ta ɗauka ba sai ya kira ta yayarsa, ita kuma ta ce, "Tana kan keke," ta kara masa wayar ya ji ƙara. Shekara ta sha faɗa cewa a duk wannan sha'ani ita ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma da gaskiyarta.

Ƙeya ta fara sauƙi. Barci ya dawo. Fadila ta kama kanta tana rera waƙoƙin da suke yi a hanyar koleji, waɗanda ta ɗauka sun ɓace mata. Daɗi take ji, irin wanda ta manta akwai shi, har wani lokaci ta ji kunyar kanta.

Wata ranar Alhamis da hantsi, mako uku da fara wannan tafiya, tana tsakiyar hanya sai ta ji keken ɗinki ya tsaya cak. Ta ɗauka zare ne ya tsinke.

"Yaya, na shigo Kance!" ta yi kira, idonta a rufe, ɗankwali ya zame. "Ku ba ni hanya, masu rake!" Ta kaɗa ƙararrawa sau uku.

Ta ji an ɗaga labule. Ta buɗe ido, sai ga Sa'adu tsaye a bakin ƙofa, mutumin da bai taɓa dawowa gida ba sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ba kaya a hannunsa sai 'yar jaka, idanunsa jawur don rashin barci. Ya dubi keken, ya dubi turmi da bulo, ya dubi wandonsa na gona. Ƙafafun Fadila suka tsaya, ta ji kamar ta nutse cikin sirdin.

Shekara ta kutso ta ƙarƙashin hannunsa. "Ni na sa ta. In faɗa za ka yi, da ni za ka yi, kuma ka tuna ni na goya ka."

Ya shigo ya zauna a bakin gado kamar wanda aka zare wa laka.

"Jiya wani ɗan ƙasarmu ya zauna shan shayi a teburina," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ma'aikacin likita ne. Muna hira ina masa alfahari, na ce iyalina tansiyonta sha takwas ne kacal. Sai ya ajiye kofi. Ya ce sha takwas na gida? Ai a lissafin Kano ɗari da tamanin ke nan, mu a nan sifili muke yarwa." Ya ajiye jakar a ƙasa. "Na bar teburin a hannun maƙwabci. Motar farko na shigo."

Ya ɗago ya dubi matarsa.

"Wata biyu, Fadila. Kin faɗa mini kina bakin rami, na ce ko hanya ba ki kama ba." Ya sake duban keken, ya waiwaya ya dubi na rumfa, a nan ne sauran lissafin ya faɗo masa. "Kuma na aiko miki da keken ɗinki."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Fadila ta kasa gane dariya yake ko kuka, da ya ɗago ta ga duka biyun ne.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka ce kantuna biyar ka zaga, Maigida. Ka ce ka zaɓo mai taushin feda."

Ya girgiza kai, ya share fuska da hularsa. "Minti nawa ya rage miki?"

"Goma."

"To me kike jira? Ina kika ce kin kai?"

"Kance," ta ce da ƙaramar murya.

"Ki juyo gida, a hankali. Yaya, koma kan naki, kar maƙwabta su ji."

Bayan mako guda ranar randebu ta zo, ya raka ta har gaban Madam Zuhra, ya tsaya a gefe yana murza hula. Madam ta naɗa, ta matsa, ta duba. Ta kwance ta sake. Fadila ta kafa wa bango ido, ba abin da take gani sai tabarmar Dawce.

"Sha huɗu," in ji Madam.

Fadila ta yi hamdala a fili har sau uku don murna.

"Madam, a yi mini afuwa," in ji Sa'adu, "a lissafin Kano nawa ke nan?"

"Ɗari da arba'in."

"Har yanzu ta fi ni da goma."

"Shi ya sa ba za ta bar ƙwaya ba, ba za ta bar keke ba. Na hawa nake nufi, Sa'adu."

"Na ji, na ji," ya ce, ya sunkuyar da kai.

Washegari ya nemi izinin yayarsa, ya kwance tayoyin ya kai wa Sallau mai gyaran keke ya sa musu sababbin roba ya buga iska. Fadila ta tambaye shi me tayar da ke ɗaki za ta yi da iska, ya ce an daɗe ba a gaida mutanen Dawce ba.

Ranar Asabar, da rana ta ɗan yi ɗumi, suka fita. Shi ke tuƙi, ita tana zaune a baya a karkace, lulluɓe da hijabi kamar kowace matar kirki, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin zanen. Shekara ta raka su zaure tana kallon keken har suka sha kwana. Suna wuce gidajen ƙarshe da gonakin rake Sa'adu ya tsaya yana haki, mai ɗari da talatin ɗin nan da aka ce lafiyarsa lau. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa sai shanu can nesa.

"Bismillah," ya ce.

Ta tattare zane ta soke a ƙugu, ta ɗora ƙafa. Ƙasa ba kamar ɗaki ba ce, keken ya yi tangaɗi sau ɗaya, sau biyu, sannan jikinta ya tuna. Amma ta ji nauyi a baya. Ta waiga, sai ga maigida ya damƙe sirdi da hannu biyu yana bin ta da gudu, babbar riga na kaɗawa, hula ta karkace. Nan take ta ga Inna da ɗagaggen zane a wannan hanyar, idonta ya cika da ƙwalla. Sai dai Inna don tsoron 'yarta take riƙewa. Wannan kuwa nasa tsoron ne ya hana shi buɗe hannu.

"Maigida, ka sake ni mana!"

"A'uzu billahi!" Ya kusa tuntuɓe. "Wace irin magana ce wannan da safiyar Allah?"

"Keken nake nufi!"

"To ki ce keke! Kuma daga yau ki riƙa faɗin wane iri!" Yana haki, yana gudu, bai buɗe hannun ba tukuna. "Keken zan saka, Fadila. Ke kam ba na sakinki. Kin ji ko? Kar ki je inda ba zan iske ki ba."

"Dawce ce kawai, Maigida. Ka taho a hankali, zan jira ka a gindin kuka."

Ya buɗe hannu. Ta danna feda, hijabi ya cika da iska, ta kaɗa ƙararrawa sau uku ko da yake ba kowa a hanya. Sa'adu ya tsaya dafe da gwiwa har numfashinsa ya dawo, sannan ya gyara hula ya bi sawun taya a ƙafa.